TARAR BANKI A MA'AUNIN SHARI'A: IN RANAR BIYA TA ZO BABU KUƊI A ASUSU

 

A wannan mako za mu yi magana ne a kan wata mas'ala ta dukiya wadda ta shiga gidaje da yawa ba da sallama ba. Akwai wata hanyar biyan kuɗi da bankuna suka shimfiɗa, watau mutum ya sa hannu a takarda ya ba wani kamfani izinin ya riƙa ɗibar kuɗi daga asusunsa a wata rana ƙayyadaddiya ta kowane wata, ko don biyan kayan da ya saya bashi, ko kuɗin makaranta, ko wani abu mai kama da haka. In ranar ta zo aka tarar kuɗin da ke cikin asusun bai kai ba, sai banki ya mayar da buƙatar ba a biya ba, sa'an nan ya ci mai asusun tara. Sau da yawa sai mutum ya wayi gari ya ga bashin yana nan daram, ga kuma 'yan kuɗinsa sun ragu.

To, mene ne hukuncin wannan tara? Ya halatta Musulmi ya tashi ya nemi a mayar masa da ita, ko kuwa yin haka rashin haƙuri ne da ƙaddara? Amsar a taƙaice ita ce: abin da ya halatta banki ya karɓa a nan shi ne gwargwadon ainihin abin da ya kashe ko ya yi hasara. Abin da ya haura haka, mai asusu yana da haƙƙin ya nema, da sharaɗin ya nema da gaskiya, kuma shi ma ya sauke nauyin da ke kansa.

SHARI'AR DA AKA YI A INGILA

Kafin mu shiga maganar malamai, ya kyautu mu dubi ƙasar da wannan rigima ta fi ƙamari, domin a ga yadda abin yake in ya girma. A Ingila, shekaru ashirin da suka wuce, bankuna kan ci mutum fam 30 ko fiye a duk lokacin da aka mayar da biya saboda rashin isassun kuɗi. Ofishin gwamnatin ƙasar mai lura da adalci a ciniki a wancan lokaci ya ƙiyasta cewa a shekarar 2006 kaɗai bankuna sun sami fam biliyan 2.6 daga irin waɗannan tarori, watau kusan kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu daga asusun yau da kullum na jama'a. Mutane suka yi ta kai ƙara suna neman a mayar musu da kuɗinsu, har ƙararrakin da ke jiran hukunci suka kai kimanin miliyan ɗaya.

A watan Yuli na 2007 ofishin nan ya shiga kotu da bankuna bakwai da wani kamfanin ajiya guda. Ya yi nasara a Babbar Kotu a 2008, ya sake yin nasara a Kotun Ɗaukaka Ƙara a farkon 2009. Amma ran 25 ga Nuwamba, 2009, Kotun Ƙoli ta ba bankuna gaskiya. Abin lura shi ne, alƙalan ba su ce tarar adalci ce ba. Cewa suka yi kuɗin nan wani yanki ne na farashin hidimar da banki yake yi wa mai asusu, kuma dokar da aka kawo ƙara a ƙarƙashinta ba ta ba da ikon auna tsadar farashi ba.

Ma'anar wannan kuwa ita ce, mai wadata wanda asusunsa ba ya bushewa yana cin moriyar banki kyauta, alhali kuwa wanda ke fama da ƙarshen wata shi ne mai biyan kuɗin hidimar su duka biyu. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami. Sai a shekarar 2019 hukumar da ke kula da harkokin kuɗi a ƙasar ta fito da bayani cewa lalle kuɗin da ake cirewa saboda mayar da biya ya dace da abin da bankin ya kashe a kan aikin. Za mu ga nan gaba cewa malaman Musulunci sun riga sun tsaya a kan wannan ma'auni tun 1986.

A Nijeriya ma al'amarin ba baƙo ba ne. Jagorar cajin bankuna da Babban Bankin Nijeriya ya fitar, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2020, ta raba abin gida biyu. In biya ya faskara saboda wani dalili da ba rashin kuɗi a asusu ba, babu caji ko na kwabo. In kuwa rashin kuɗi ne, an ba banki damar cire kashi 1 cikin 100 na adadin, ko Naira 5,000, duk wanda ya fi yawa. Bisa ga wannan lissafi, wanda aka zo cire masa Naira 3,000 ba a samu ba zai iya biyan tarar da ta fi bashin da ake bin sa, wanda kuwa nasa Naira miliyan 2 ne zai biya Naira 20,000, alhali aikin da kwamfuta ta yi wajen mayar da buƙatun biyu iri ɗaya ne.

SURA UKU, HUKUNCI UKU

Yawancin ruɗanin da ake samu a wannan mas'ala ya taso ne daga cakuɗa abubuwa uku waɗanda hukuncinsu ya bambanta.

Sura ta farko ita ce banki ya biya a madadinka duk da cewa kuɗinka bai kai ba, sa'an nan ya riƙa bin ka. Wannan rance ne tsantsa, ko da wane suna aka kira shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda mazauninta yake Jidda, ta yanke a zamanta na uku a birnin Amman a 1986 cewa ya halatta mai ba da rance ya karɓi kuɗin hidima, muddin bai wuce ainihin abin da aka kashe ba, kuma duk abin da ya ƙaru a kan haka riba ne haramtacce. Saboda haka tarar da take hauhawa da yawan kuɗin ko da yawan kwanaki, ba ladan aiki ba ce, kuɗin ruwa ne aka sauya masa riga.

Sura ta biyu ita ce wanda yake bin ka bashin, watau kamfanin da ya sayar maka da kaya a biya kaɗan kaɗan, ya ƙara maka kuɗi saboda ka makara. Wannan shi ne ainihin ribar jahiliyya, wadda mai bashi kan ce wa wanda yake bi ko ya biya ko a ƙara masa. Majalisar ta haramta shi a zamanta na Jidda a 1990, ko an sharɗanta tun farko ko ba a sharɗanta ba. Malamanmu na Malikiyya ma sun riga sun yi bayani. Shehu Haɗɗabi, mai sharhin Mukhtasar na Khalil, wanda ya rasu a shekara ta 954 bayan Hijira, ya ambata a littafinsa Tahrirul Kalam cewa in wanda ake bi bashi ya ɗaukar wa kansa ƙara wa mai bashi wani abu in ya saɓa lokaci, babu saɓani a kan ɓacin wannan. In kuwa sadaka ya ɗaukar wa kansa ga wasu daban, to akwai saɓani, Ibnu Dinar yana ganin a tilasta masa. A kan wannan ra'ayi ne bankunan Musulunci da yawa suka dogara, suna karɓar tarar jinkiri don tsawatarwa, amma su bayar da ita sadaka, ba ta shiga ribarsu.

Sura ta uku, wadda ita ce asalin maganarmu, ita ce banki bai biya kome ba, bai ranta maka kome ba, ya dai mayar da buƙatar ya ci ka tara. A nan ba a gaggauta kiran abin riba, domin babu rancen da aka ba ka. Hasali ma kai ne kake bin banki, gama Majalisar ta bayyana a Abu Dhabi a 1995 cewa kuɗin da ke cikin asusun yau da kullum rance ne mai asusu ya ba banki. To, da wane suna zai karɓi kuɗin? In an ce ladan aiki ne, sai a tambaya wane amfani mai asusu ya samu, tun da lada a Shari'a tana zuwa ne a madadin amfani sananne. In kuwa an ce tarar saɓa alƙawari ce, to wannan babi yana da asali, kuma yana da iyaka.

Asalinsa shi ne abin da Imamu Bukhari ya kawo daga Ibnu Sirin, cewa wani mutum ya yi hayar raƙumi, ya ce wa mai raƙumin ya shirya, in bai tafi tare da shi rana kaza ba zai ba shi dirhami ɗari. Ranar ta zo bai tafi ba. Da aka je gaban Alƙali Shuraihu, sai ya hukunta cewa ya biya, tun da shi ya ɗora wa kansa sharaɗin da yardarsa ba da tilas ba. Mai raƙumi ya tanadi dabbarsa, saboda haka hasararsa ta gaske ce.

Iyakarsa kuwa ita ce wadda Majalisar ta zayyana a Riyad a shekarar 2000. Diyyar da ake karɓa ta cutarwa ce ta dukiya wadda ta auku da gaske. Ba a aiki da sharaɗin in wanda ya saɓa ya tabbatar da cewa abin da ya fi ƙarfinsa ne ya hana shi, ko kuwa ɗaya ɓangaren bai cutu da kome ba. Kuma alƙali yana da ikon rage adadin in ya ga an wuce gona da iri. Da wannan ma'auni, banki yana da haƙƙin kuɗin saƙon da ya aika da ɗan aikin da aka yi, amma ba shi da haƙƙin mayar da ƙuncin mutum hanyar samun riba.

AI KAI KA SA HANNU

Wani zai ce, ai mai asusu ya yarda tun ranar da ya sa hannu, kuma Allah Ya yi umurni da cika alƙawura a ayar farko ta Suratul Ma'ida. Wannan magana tana da ƙarfi, ba a kuma yi mata riƙon sakainar kashi. Amma abu biyu ne amsarta. Na ɗaya, sa hannu ba ya halatta abin da Shari'a ta haramta. A ƙissar Barira, wadda Nana A'isha ta so ta saya ta 'yanta, masu ita sun gindaya sharaɗin da bai dace ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau mumbari ya bayyana cewa irin wannan sharaɗi ɓatacce ne kome yawan nanata shi. Na biyu, Alƙali Shuraihu ya rataya hukuncinsa ne a kan yarda ba tilas. Ma'aikacin da aka ce albashinsa ba zai fito ba sai ta banki, aka miƙo masa takarda bugagga wadda ba shi da ikon sauya ko harafi ɗaya a cikinta, yardarsa ba ta kai ta mai hayar raƙumi ba. Don haka ne Majalisar ta ce a Doha a 2003 wajibi ne hukuma ta sa ido a kan irin waɗannan yarjejeniyoyi, ta kuma gyara su in akwai zalunci a ciki. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta keɓe cinikin da aka yi bisa yardar juna, yarda kuwa a zuciya take, ba a bakin alƙalami kaɗai ba.

NEMAN HAƘƘI BA RASHIN TAWAKKALI BA NE

Akwai masu ganin cewa in an cire wa mutum kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, abin da ya fi shi ne ya ce Allah Ya isa ya yi shiru. Yafiya dai alheri ce babba, amma nema ma halal ne. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo yana bin Manzon Allah bashin raƙumi, ya kausasa harshe har sahabbai suka yunƙura masa, sai Manzon Allah ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da ta cewa, sa'an nan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. In Shugaban Halitta ya saurari mai neman haƙƙinsa, wane manajan banki ne ya fi ƙarfin a tambaye shi? Daɗin daɗawa, kuɗin nan sau da yawa abincin iyali ne, wanda ciyar da su wajibi ne a kan maigida, kuma shirun mutum dubu shi ne yake sa a ci gaba da cutar na dubu da ɗaya.

Ga hanyar da ta dace mai nema ya bi. Da farko ya karɓi takardar bayanin asusunsa, ya duba ranar da aka nemi cire kuɗin da abin da yake ciki a ranar. Sa'an nan ya gwada da takardar iznin da ya sa wa hannu: shin an zo a ranar da aka yi alƙawari ko an riga ta? Adadin da aka nema shi ne aka amince a kai? Ko ya riga ya soke iznin a rubuce? Shin tarar sau ɗaya aka ci ko an maimaita a kan biya guda? Ya kuma nemi a nuna masa jagorar caji da ke aiki a ranar da aka cire kuɗin. Bayan haka ya rubuta kukansa ga bankin, da rana da adadi, ya riƙe kwafi, ya karɓi lambar shaida. In wa'adin da aka ɗiba ya wuce ba a share masa hawaye ba, sai ya kai ga sashen Babban Banki mai kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Wannan duk yana cikin hikimar aya ta 282 a Suratul Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta koya mana rubuta mu'amalar bashi, ƙarami ne ko babba.

Amma fa a yi hattara da abu biyu. Kada mutum ya yi ƙarya a cikin kukansa, ya ce akwai kuɗi alhali babu, ko ya ce ya soke izini alhali bai soke ba. A hadisin Ummu Salama, Manzon Allah ya yi gargaɗi cewa wani yakan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja, a yanke masa hukunci bisa ga abin da aka ji, alhali abin da ya karɓa yanki ne na wuta. In rashin kuɗi ne ya jawo, ya faɗi gaskiya, ya bayyana uzurinsa, ya nemi a yafe ko a rage. Na biyu, kada ya zagi ma'aikacin da ke bakin kanta, gama ba shi ya tsara dokar ba.

NAUYIN DA KE KAN KOWA

Shari'a ba ta duban gefe ɗaya. Wanda ya sa hannu ya ɗauki alƙawari, alƙawari kuwa kaya ne. In yana da hali ya kwashe kuɗin da gangan kafin ranar biya domin mai bin sa ya tarar da wayam, to ya shiga cikin hadisin da ya kira taurin bashin mawadaci zalunci, kuma tsadar tarar banki ba ta wanke shi daga wannan laifi. Haka nan wanda ya sa hannu yana sane da cewa samunsa ba zai ɗauka ba. Wanda kuwa ya hango cewa wata zai yi masa tsawo, sai ya je wurin mai bin sa tun da sauran kwanaki ya nemi a ɗaga ranar, ya kuma sanar da banki a rubuce. Rigakafi ya fi magani. Abin da ya fi ma shi ne tun farko a sa ranar biya kwanaki kaɗan bayan ranar albashi.

Masu bin bashi kuma su tuna da aya ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta wajabta saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafe masa ya fi alheri. Ma'aikacin banki Musulmi wanda aka ba ikon yafe tara, ya sani cewa wannan iko amana ce, kada ya keɓe ta ga masu kuɗi da 'yan'uwansa, ya bar gwauruwa da ɗan fansho suna zarya.

Akwai kuma wani mai laifi wanda ba a cika ambatarsa ba, shi ne mai riƙe albashin ma'aikata. Da yawa daga cikin waɗanda aka ci tara ba sakaci suka yi ba, haƙƙinsu ne bai shigo a kan lokaci ba. Hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito ya yi umurni da a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Duk shugaban ma'aikata ko mai kamfanin da ya jinkirta albashi alhali yana da ikon biya, ya sani cewa yana da kaso a cikin alhakin kowace tara da aka ci ma'aikacinsa ta dalilin wannan jinkiri.

Daga ƙarshe muna kira ga hukumomin da ke tsara cajin bankuna da su ɗaure irin wannan tara da ainihin kuɗin aiki, domin wanda asusunsa ya kasa ɗaukar Naira 3,000 ba shi ne ya kamata a nemi Naira 5,000 a wurinsa ba.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.